Babi na Shida: Dutsen da Yake Canza Wurin Kwana

Duk wanda ya tashi a Rusairis ya san ruwa, amma ruwan daɗi ya sani, mai laka, wanda yake gangarowa daga tsaunukan Habasha da damina ya cika Shuɗin Nilu har ya yi jawur. Masuntanmu da suke jefa koma a tafkin madatsa tun bayan da aka gama ta a 1966 sun san cewa dutse a ƙasan kogi ba ya motsi sai in ambaliya ce ta mirgina shi. In ka ce musu akwai wani farin dutse a cikin ruwa da za ka ajiye nan da magariba, da safe ka tarar ya matsa gefe ba tare da igiyar ruwa ta taɓa shi ba, za su ce ba ka lura da kyau ba ne. A kogi gaskiyarsu ce. A Bahar Maliya kuwa, a gaɓar gabas ta ƙasarmu Sudan, akwai irin wannan dutse, kuma dalilin motsinsa shi ne yana da rai.

Kakanninmu da yawa sun taka shi ko sun gan shi ba su san mene ne ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yo gabas, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar wajen 1906. Daga nan ƙauyuka suka yi ta yaɗuwa a bakin kogi zuwa kudu, har Rusairis. Amma niyyar yawancinsu Makka ce, kuma ƙofar Makka daga wannan ɓangare Sawakin ce. Alhazan da suka zauna a Sawakin suna jiran jirgin ruwan Jidda sun zauna ne a inuwar gidajen da aka gina da murjani. Magina suna sassaƙo shi daga gaɓar teku, su yanka shi tubali-tubali, su ɗora bene a kan bene. Da aka buɗe sabuwar tashar Bur Sudan a farkon ƙarni na 20 aka juya wa Sawakin baya, gidajen suka riƙa zubewa, har yau kuma mai zuwa can zai ga tarin fararen duwatsu masu ƙananan ramuka. Kowane rami ɗakin wata 'yar dabba ne da ta taɓa rayuwa.

Murjanin da matanmu suka sani na wuya da hannu, ja, wani iri ne daban da ake cirowa galibi daga Bahar Rum. Na Bahar Maliya da muke magana a kansa shi ne mai gina tuddai a ƙarƙashin ruwa. Dabbar da take yin sa laushi gare ta, ba ta da komai sai baki a tsakiya, da ciki, da 'yan yatsu kewaye da bakin. Tana tace sinadarin kalsiyam daga ruwan teku ta gina wa kanta ƙashi na farar ƙasa a ƙarƙashinta. Dubbai ne suke haɗuwa, kowace a manne da 'yar uwarta, dukkansu kuma a manne da tudun da iyayensu suka bari. Inda tsutsar murjani ta sauka tana 'yar ƙwaya, nan za ta rayu, nan za ta mutu. In rana ta yi zafi a wurin, sai haƙuri. In yashi ya rufe ta, shi ke nan.

Akwai wani gida a cikin dangin da ya fita daga wannan ƙa'ida. Masana suna kiran gidan Fungiidae, masu kiwonsa a akwatin gilashi kuma suna ce masa murjanin laimar kwaɗi, domin in ka ɗauki busasshen ƙashinsa za ka ga siraran layuka sun taso daga tsakiya zuwa gefe, daidai da abin da ake gani a ƙarƙashin laimar kwaɗin da take tsirowa a juji da damina. Yawancinsu dabba guda ce tilo mai baki ɗaya. Ƙananan ba su wuce santimita 3 zuwa 5 ba, manyan masu kewaye suna kaiwa santimita 30, akwai kuma masu tsawo da suka zarce haka. Ana samun su daga Bahar Maliya da gaɓar gabashin Afirka har tsibiran tekun Fasifik. Babu su a tekun Atlantika, don haka ɗan uwanmu da yake Legas ko Akara ba zai gan su a gaɓarsa ba.

Yadda rayuwarsa take farawa ita ce ta fi jan hankalina, musamman in aka ɗora ta kusa da wata halitta da muka sani a gida. A koginmu akwai kawa, wadda masana suka sa wa suna Etheria elliptica, mai ɓawo kauri marar tsari, da take son wurin da ruwa ke gudu a kan duwatsu. Bafaranshen nan Frédéric Cailliaud, wanda ya biyo rundunar Isma'ila Basha ta wannan kogi har Fazugli a 1821 zuwa 1822, yana cikin waɗanda suka kai ɓawonta Turai. Kawa tana fara rayuwa a sake, da ɓawo biyu daidai wa daida, sannan ta zaɓi dutse ta manna ɓari ɗaya a kansa, ba ta ƙara tashi. Murjanin laimar kwaɗi ya juya wannan tsari. Shi yana fara rayuwa ne a ɗaure. Tsutsarsa tana sauka a kan dutse ta yi ɗan kara siriri, kan karan ya riƙa faɗaɗa yana zama faifai. Idan ya kai wani girma, sai dabbar ta narkar da ƙashin wuyanta da kanta, daidai inda faifan ya haɗu da karan, har wurin ya yi rauni ya karye. Faifan ya faɗo a kan yashi. Daga ranar ba shi da wani abin da ya riƙe shi. Karan da aka bari a baya kuma sau da yawa ba ya mutuwa, yakan warke ya sake fito da wani faifan.

To yaya abin da ba shi da ƙafa, ba shi da fiffike, yana kuma ɗauke da ƙashi mai nauyi, zai yi tafiya?

Da ruwa yake yi. Naman da ya lulluɓe ƙashin yana iya shan ruwan teku ya kumbura kamar salka, har ya ninka girmansa, ƙashin ya ɓace a ciki. Kumburin yana yin abu biyu. Yana rage nauyin dabbar a cikin ruwa, yana kuma ɗaga ta kaɗan daga yashi. Sai naman ƙasan ya dafa yashin, naman gefe ya murɗa ya matse da ƙarfi, ruwan ya fita, dabbar ta yi ɗan tsalle da ido ba zai kama ba. Ta huta, ta sake shan ruwa, ta sake matsewa. A watan Janairu na 2025 wani masani mai suna Brett Lewis tare da abokan aikinsa na Jami'ar Fasaha ta Queensland a Ostireliya suka wallafa bincike a mujallar PLOS One a kan wani ƙaramin iri, Cycloseris cyclolites. Sun sa shi a akwatin gilashi, suka kafa kyamara tana ɗaukar hoto a jere na sa'o'i, sannan suka haɗa hotunan suka hanzarta su. Abin da ya bayyana shi ne bugun jiki mai tsari, irin wanda ake gani wajen wata dabbar teku mai yauƙi da take iyo tana buɗewa tana rufewa, wadda dama 'yar uwar murjani ce ta nesa. Wanda ya fi nisa a cikinsu ya ci kimanin santimita 22 cikin yini da kwana. Sannu ba ta hana zuwa, kuma ga dabbar da faɗinta bai kai tafin hannun yaro ba, wannan tafiya ce ta gaske.

Abin da ya fi tazarar muhimmanci shi ne inda suka nufa. Da aka haska farin haske a gefe ɗaya, shuɗi a ɗaya gefen, mafi yawansu shuɗin suka bi. Wannan ya yi daidai da yadda haske yake a teku. Ruwa yana fara shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne yake kaiwa zurfi. Bin shuɗin haske ke nan bin hanyar gangare, daga tudu mai zafi da raƙuman ruwa zuwa shimfiɗar yashi mai zurfi inda ruwa yake kwance. Dabbar ba ta da ido, ba ta da ƙwaƙwalwa, sai zaren jijiyoyi a baje cikin namanta, amma tana bambance launin haske ta juya ta bi wanda ya fi mata. Tun a 1995 masana biyu na Japan, Yamashiro da Nishihira, suka nuna cewa wasu 'yan wannan gida suna matsawa wajen haske. A namu tekun ma an bi sawunsu: a 1992 Chadwick-Furman da Loya suka wallafa abin da suka gani a mashigin Aƙaba, can arewacin Bahar Maliya, bayan sun yi wa murjanin alama suna komawa suna duba inda ya kai. Ƙananan sun fi tafiya. Manyan, da nauyi ya yi musu yawa, sun fi dogara da guguwar teku ta tura su.

Me ya sa yake buƙatar haske tun farko, alhali dabba ce? Saboda a cikin namansa akwai miliyoyin ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya, dangin gansakuka, da suke sarrafa hasken rana su yi abinci su ba shi kaso mai tsoka, shi kuma ya ba su mafaka. Su ne suke ba shi launin ƙasa-ƙasa. In haske ya yi kaɗan sai yunwa. In zafi ya yi yawa sai ya kore su, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Murjanin da yake manne ba shi da zaɓi tsakanin waɗannan biyun, shi kuwa wannan yana da ɗan zaɓi. Ba kuma da hasken kaɗai ya dogara ba, yana da babban baki. A 2009 masu nutso a mashigin Aƙaba suka ɗauki hoton wasu suna haɗiye wannan dabbar mai yauƙi ɗungurungum.

Kumburin nan yana yi masa wasu ayyuka biyu da nake ganin sun fi tafiyar amfani. In igiyar ruwa ko kifi ya kife shi, baki a ƙasa, ƙaramin yakan kumbura ɓari ɗaya ya yi ta ƙoƙari har ya juyo. In yashi ya binne shi, yakan riƙa kumbura yana saki, yana kumbura yana saki, yashin yana zamewa, har ya fito sarari. Mutumin Rusairis ba sai an yi masa bayanin abin da laka take yi ba. Ita ce ta cinye babban kaso na cikin tafkinmu, tana cikin dalilan da suka sa aka ƙara wa madatsar tsayin mita 10, aikin da aka kammala a 2013, kuma ita ce manoman Jazira suke yashewa daga magudanai duk shekara. Ga murjani laka ajali ce, tana toshe baki ta tare haske. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa tuddan murjanin Sudan suke da kyau shi ne babu wani kogi mai gudu shekara duka da yake zuba a Bahar Maliya. Nilu ya ɗauki lakarsa ya yi arewa da ita. Ruwan ya zauna garau, gishirinsa ya kai wajen giram 40 a lita, sama da 35 na sauran tekuna. A shimfiɗar yashin da take gindin tuddan, inda sauran murjani ba su iya kama ƙasa, murjanin laimar kwaɗi ne yake zaune, domin shi yana iya kakkaɓe kansa. In ya mutu, ƙashinsa ya zama dutsen da tsutsar wani murjanin za ta sauka a kai, tudun ya ƙara faɗi.

Masu kiwon halittun teku a akwatin gilashi, a Jidda ko Alƙahira ko Turai, su ne suka fi tambayar ko da gaske murjani yana tafiya, domin su ne suke farkawa su ga abin da suka saya ya bar inda suka sa shi. Amsar ita ce e, yana tafiya a akwati kamar yadda yake yi a teku, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauke shi kamar sauran murjani a ɗora shi kan dutse don ya yi kyau a ido. Da dare ya kumbura, kaifin dutsen ya yaga naman ƙasansa, ko ya matsa ya faɗo a kife cikin lungun da ba zai iya juyowa ba. Wurinsa ƙasan akwati ne, a kan yashi mai laushi, inda ruwa ke kaɗawa a hankali. Ba a manna shi da gam. A bar masa fili ta kowane gefe, domin yana fitar da yauƙi mai cutar da murjanin wani gida, kuma maƙwabcin da yake manne ba shi da inda zai gudu in wannan ya matso ya jingina da shi. 'Yan gidansu kuwa suna iya kwanciya a jikin juna lafiya, a teku ma akan tarar da su tsibi guda. Wanda zai ɗaga shi ya fara kaɗa ruwa a kansa har ya saki ruwan jikinsa ya lafa, don in aka fito da shi a kumbure, nauyin ruwan zai danna naman a kan kaifin ƙashinsa ya tsage. Kuma in ya ga kamar ya mutu, kada a yi saurin jefar da ƙashin. Sau da yawa ɗan naman da ya rage tsakanin layukan yakan tsiro da 'ya'ya masu kara, bayan makonni ko watanni.

A kasuwar masu kiwo akwai wata halitta da ita ma ake kira da sunan laimar kwaɗi, kuma nan ne ruɗani yake shigowa. Waɗannan ba su da ƙashi ko kaɗan, faifan nama ne mai launi, ja ko kore ko shuɗi, a kan gajeriyar ƙafa da take manne da dutse. Sunayensu Discosoma, Rhodactis da Ricordea. Su ma suna canza wuri, amma ta wata hanya. Ƙafar tana jan jiki a hankali a kan dutsen, kwanaki kafin a lura, tana barin ɗan guntun nama a baya, guntun ya girma ya zama sabuwar dabba. Shi ya sa guda ɗaya kan cika dutse cikin shekara. In haske ya yi musu yawa ko ruwa yana dukansu, sai su saki dutsen gaba ɗaya su bi ruwa, kuma a akwati ƙarshen wannan tafiya sau da yawa bakin famfo ne. Maganinsa a rufe bakin famfon da raga, wadda ta saki kuma a sa ta a ƙaramin kwano da tsakuwa a rufe da raga har ta kama ɗaya. Ko wanne iri ne, in ya cika yawo to wurin bai yi masa ba, sai a duba haske da gudun ruwa maimakon a riƙa mayar da shi inda ya gudo.

Ban rubuta wannan don in kwaɗaita wa mutanen Rusairis ko Damazin kiwonsa ba. Akwatin murjani yana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27 dare da rana, mu kuwa bazararmu tana haura 40. Yana son famfo da fitila da na'urar sanyaya ruwa su yi aiki ba yankewa, da gishirin teku na musamman da ake auna shi daidai. In wuta ta ɗauke na yini ɗaya a watan Afrilu, komai na cikin akwatin zai mutu. Wanda ba zai iya ba dabba haƙƙinta ba, barinta a inda Allah ya ajiye ta shi ne daidai, kuma inda ya ajiye ta a cikin ƙasarmu ne. Sanganeb, tudun murjanin da yake kimanin kilomita 25 daga gaɓa kusa da Bur Sudan, an mayar da shi wurin kariya tun 1990, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi, tare da mashigin Dungunab da tsibirin Mukawwar, cikin wuraren gado na duniya. A Sha'ab Rumi ne Jacques Cousteau ya gina gidaje a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka zauna ciki wata guda. Turawa sun ƙetaro duniya don su ga abin da da yawa daga cikinmu muka wuce ta kansa a jirgin Jidda ba mu leƙa ba. Jami'ar Bahar Maliya da take Bur Sudan tana koyar da ilimin teku, kuma ina ganin 'ya'yan masuntanmu, da suka san ruwa tun suna rarrafe, sun fi kowa cancantar zama a waɗannan azuzuwan.

Sakin da ya ba wannan murjani damar tafiya shi ne kuma ya sa ya fi kowane sauƙin ɗauka. Sauran sai an sa guduma da kurfi, shi kuwa hannu kawai za a miƙa. Ana shanya shi a rana har naman ya ruɓe, a wanke ƙashin ya yi fari, a sayar a matsayin kayan ado. Dukkan murjani masu farin ƙashi irin nasa suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wato ba a ƙetare iyaka da su, rayayyu ko busassu, sai da takardar izini. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, 'yan uwanmu da yawa sun koma Bur Sudan da zama, wasu suna bi ta Sawakin zuwa Umara. Ɗan uwa, in ka je can aka miƙo maka wannan farin faifai mai layuka a ce ka kai wa iyali tsaraba, kada ka saya. In kuma ka gan shi da rai a kan yashi, ka duƙa ka kalle shi yadda kake so, ka bar shi a wurinsa baki a sama.